Zan sake buɗe gidan kallo, ga tsohuwa mai ciwon suga a gida: ina mafita?

Mai Benci Sha Takwas
Laraba, 8 ga Yuli, 2020

Assalamu alaikum. Na jima ina leƙowa nan ina karanta na mutane ban taɓa tofa tawa ba, yau dai tura ta kai bango.

Gidan kallon ƙwallo gare ni a wata unguwa cikin birnin Kano, shekara shida ke nan. Kada ku ɗauka wani babban wuri ne. Dogon ɗaki ne na bulo, rufin kwano ba silin, benci goma sha takwas, fanka huɗu, biyu a cikinsu sai an zungure su da sanda suke juyawa. Talabijin da huɗu ne, yanzu saura uku, ɗayar ta tafi a cefanen azumi. Ranar babban wasa, irin Madrid da Barcelona ko United da Liverpool, nakan zuba mutum 120 har da na tsaye a jikin bango. Ƙaramin wasa naira 50, babba 100. A nan nake ci da iyali, a nan nake sallamar yara biyu da ke taya ni, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a kan inji.

Mu kullenmu na korona ya riga na kowa. Tun 13 ga Maris da aka tsayar da Firimiya, Laliga ma a makon ta tsaya, muka koma kallon bango. Kafin gwamna ya rufe gari ranar 16 ga Afrilu mun riga mun cinye wata guda ba ko sisi. Ranar 27 ga wata shugaban ƙasa ya ƙara wa Kano mako biyu, daga nan aka yi ta ƙari a kan ƙari. Duk wanda ya yi azumin bana a garin nan ya san yadda Litinin da Alhamis suka koma kamar jajibirin sallah, kowa ya fito a guje neman gero da sukari kafin ƙarfe huɗu ta buga.

Da Firimiya ta dawo ranar 17 ga Yuni, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta ce gidajen kallo su buɗe, har aka ba da takunkumi 40,000 a raba. Abokan sana'a kowa ya buɗe, ni na ƙi. Daren da Chelsea ta doke City, Liverpool ta ɗauki kofi bayan shekara 30, ina kwance a tsakar gida ina bin sakamako a waya, ihun gidan kallon bayan layinmu yana shigo mini ta katanga. Ban yi barcin kirki ba a daren, kuma ba don ina son Liverpool ba.

Abin da ya riƙe ni Hajiyarmu ce. Ta haura saba'in, ga suga ga hawan jini, kuma gida ɗaya muke. Ni nake ba ta maganin dare, don ba ta yarda da lissafin kowa a kan ƙwayoyinta sai nawa. Faranti ɗaya muke cin tuwo in na dawo da wuri. A watan Afrilu, cikin kwana goma, dattawa uku muka kai maƙabartar Ɗandolo daga layinmu kaɗai. Ba wanda aka yi wa gwaji, an dai ce zazzaɓi ne da zafin gari. Ni ma a cikin Mayu na yi mako guda ba na jin ƙamshin komai, har turaren wutar maiɗakina, na sha maganin zazzaɓin cizon sauro na warke, ban je ko'ina ba.

To yanzu tun 2 ga wata an ɗage kulle gaba ɗaya. Mai ginin ya fara yi mini irin doguwar gaisuwar nan, ya tambayi iyali, ya tambayi Hajiya, ya tsaya yana kallon kwaɗon ƙofa. Haya ta wata huɗu yake bi na. Wani ɗan'uwa ya ranta mini kuɗin katin tashoshin ƙwallo na wata guda. Firimiya za ta ƙare 26 ga wata, a Agusta kuma ga Kofin Zakarun Turai da za a ƙarasa a Lisbon. In wannan ta wuce ni, bana ta wuce ni.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, bari in faɗa muku nawa. Tagogi shida ne a ɗakin, duk na toshe su da buhu da kwali tun shekarar farko, saboda yara 'yan leƙe da kuma hasken rana da ke kashe hoto. Ƙofa ɗaya ce, da labule mai kauri. In aka je hutun rabin lokaci ka shigo daga waje, iskar da za ta dake ka sai ka ja da baya. An ce a ba da tazarar mita biyu. Na auna da igiya, mutum 25 ɗakin zai ɗauka. Fetur ya koma 143 a wannan watan, ga kati, ga yara, ga haya. Ku yi mini lissafin, ni nawa ya ƙi fita.

Takunkumi kuwa na ga yadda ake yi a wurin maƙwabta: a sa a bakin ƙofa, a zauna a mayar da shi haɓa. Wani ya ce in ci bashi in sayi na'urar auna zafin jiki, irin mai kama da bindiga, wai ita jami'ai suke son gani. Sannan ga dokar hana fita daga goma na dare, alhali wasan takwas da kwata ba ya tashi sai goma ta gota.

Gaba kura baya siyaki. Wanda ya san yadda zan buɗe ba tare da na kwaso wa tsohuwa ajali a rigata ba, don Allah ya taimaka. Ba na neman a ce mini in zauna a gida, na zauna wata huɗu.

Ɗan Gunners Har Abada
Laraba, 8 ga Yuli, 2020

Mutumina, wallahi ka cika zurfafa tunani. Ni tun ranar da aka ba da izini na buɗe nawa, yau kusan mako uku, ko atishawa ban ji wani ya yi ba wadda ta wuce ta kullum. Ka shiga Kantin Kwari ko Sabon Gari da azahar ka gani, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ka hau A Daidaita Sahu. Duk waɗannan ba su kwaso ba sai kai mai benci sha takwas?

Ga yadda nake yi. Bokiti mai famfo a bakin ƙofa da sabulu, yaro na tsaye, ba ka wanke hannu ba ba ka shiga. Na haɗa baki da wani tela a layinmu yana ɗinko mini takunkumin atamfa, wanda ya zo ba shi da shi ya saya a ƙofa, ni ma ina samun ɗan na shayi a kai. Da na gaya wa mutane farashi ya tashi, an yi surutu kwana biyu aka haƙura, don wanda ya yi wata uku bai ga ƙwallo ba ba ya jayayya a kan naira hamsin. Bindigar auna zafi kada ka soma, tawa aro nake yi daga mai kemis in an ce masu duba wurare na zagaye.

Tagogi kuwa in ka buɗe su ka gama yawo. Yaran unguwa za su jeru a waje kamar tsuntsaye a kan waya, wanda zai biya ma ya ce me zai sa ya biya. Ka yi bismilla ka buɗe ranar Asabar, Lahadi mu 'yan Arsenal muna da Tottenham, kada ka bari ta wuce ka. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Ma'aikaciyar Jinya
Juma'a, 10 ga Yuli, 2020

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tun shekaranjiya, aikin dare ne ya hana ni amsawa. Allah ya yi maka albarka da ka sa mahaifiyarka a gaban lissafi.

Zan fara da maganar ɗan'uwanmu na sama, ba don faɗa ba. Ya ce mako uku ba wanda ya faɗi a gidan kallonsa. Ai ba a gidan kallo ake faɗuwa ba. Masu zuwa wurinku samari ne, yawancinsu in sun kamu ɗan ciwon kai ne da kasala, wani ma ba zai ji komai ba, kuma yana iya yaɗawa kwana ɗaya ko biyu kafin alama ta fito masa. Wanda zai faɗi yana gida a kan tabarma, kaka ce ko uba mai suga, kuma sai bayan mako biyu ko uku, lokacin da ba mai tuna wasan da aka kalla. A watan Yuni ministan lafiya ya faɗi abin da binciken mace-macen Afrilu ya gano: mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana danganta su da wannan cuta, mafi yawansu tsofaffi masu wata larurar. Dattawan layinku uku ba su kaɗai ba ne.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe. A duk bayaninka, abin da ya fi tayar mini da hankali ba benci ba ne, ba bokiti ba ne, buhunan nan ne da ke jikin taga. Cutar nan a numfashi take fita. Mai magana ya fi mai shiru fitar da ita, mai ihu ya fi mai magana nesa ba kusa ba. A fili iska na kwashewa. A rufaffen ɗaki kuwa taruwa take yi kamar hayaƙin sigari: mutum ɗaya ya kunna a lungu, bayan rabin awa na ɗaya ƙarshen ma ya shaƙa. Wannan iskar da ka ce tana dukanka a hutun rabin lokaci, numfashin mutum ɗari ne da ya rasa hanyar fita.

A jihar Washington ta Amurka, ranar 10 ga Maris, mutum 61 suka taru a ɗaki suna atisayen waƙa na awa biyu da rabi. Mutum ɗaya ne ya zo da 'yar mura. Bayan nan aka lissafa 52 da suka kwanta, wasu gwaji ya tabbatar, wasu alamu, biyu suka rasu. Awa biyu da rabi ana ɗaga murya a ɗaki, ka ga ai kusan wasa ɗaya ke nan da sharhinsa. Ku masu ƙwallo kuma kun fi ni sanin wasan Atalanta da Valencia na 19 ga Fabrairu a Milan. Mutanen Bergamo, garin Atalanta a Italiya, kusan 40,000 suka je, aka ci huɗu da ɗaya, aka rungumi juna sau huɗu, waɗanda ba su je ba suka cunkushe a gidaje da wuraren shaƙatawa suna kallo. Bayan wata guda motocin soja ke kwashe gawawwaki daga garin, kuma likitocin can suna lissafa wasan cikin abubuwan da suka hura wutar. A makon nan ma masana 239 suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a daina raina yaɗuwa ta iska, jiya hukumar ta amsa cewa hakan na iya faruwa a cunkusasshen ɗakin da iska ba ta ratsawa.

Saboda haka ka cire buhunan duka shida, ka ɗage labulen ƙofa. Iska ta shigo ta wannan ɓari ta fita ta wancan. Fankar silin a rufaffen ɗaki juya iskar kawai take yi tana raba wa kowa. In kana da ta tsaye, kafa ta a bakin taga tana fuskantar waje, ta riƙa zuƙo ta ciki tana fitarwa. In akwai fili a gefen ginin, fitar da wasu bencina, ka ɗaura tamfol a sama kawai, gefe da gefe a buɗe. Na san damina ce, amma mutum goma a waje sun fi mini biyar a ciki kwanciyar hankali. Tsakanin wasa da wasa kowa ya fita, ɗaki ya sha iska ko na kwata ne, kada ka bar masu zaman dirshan tun wasan uku har na takwas. Sai dai ka kula: in ka buɗe tagogi, janareta ya yi nisa da su, bakin salansa na kallon wani wajen. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma ta fi korona saurin kisa.

Mita biyu ba za ta yiwu maka ba, na yarda. Yi abin da zai yiwu. Rabin mutanen da ka saba, uku a benci maimakon shida ko bakwai, ba na tsaye. Kana da sa'a ɗaya da masu gidan abinci ba su da ita: mutanenka duk gaba suke kallo, ba fuska da fuska ba, kuma ba cin abinci suke yi ba, ba su da hujjar cire takunkumi. Na yadi ya wadatar in mai ninki uku ne kuma ya rufe hanci. Kofin nan guda ɗaya da ake ɗaurewa a jikin randa ko kula, ɗauke shi, kowa ya sayi ruwan leda.

Na'urar auna zafi kada ka ci bashi dominta. Wanda ya sha farasitamol zai wuce ta, wanda alama ba ta fito masa ba zai wuce ta, mai zazzaɓin sauro kuma a wannan damina ita za ta kama. Idon yaronka na ƙofa ya fi ta amfani: mai tari ko mai mura a ba shi haƙuri ya koma. Feshin magani ma da ake ta yayi ba shi ne a gaba ba, ruwa da sabulu a goge bencina ya isa.

Sai Hajiya. Daga ranar da ka buɗe, ka ɗauka kai ne hanyar da cutar za ta bi ta same ta. Ka daina cin abinci faranti ɗaya da ita na ɗan wannan lokaci. In ka dawo ka yi wanka ka sauya kaya kafin ka leƙa ta. Maganin dare ka lissafa mata shi da safe kafin ka fita, ka ƙulla a takarda, in kuma dole sai ka shiga, da takunkumi, taga a buɗe, kada ka zauna hira. Gaisuwa a tsakar gida ta fi ta cikin ɗaki. Ka tabbata maganin suga da na hawan jini ba su yanke ba, don wanda sugansa ke kan hanya ya fi jure cutar. In ta fara zazzaɓi, tari, ko numfashi sama-sama, ko ka ga ta rikice ba ta gane magana, kada a tsaya cewa sauro ne, a kai ta asibiti a ranar.

Rashin jin ƙamshin da ka yi a Mayu, alama ce da aka san cutar da ita sosai, mai yiwuwa ka yi ta. Amma ba a gwada ka ba, kada ka mayar da zato laya.

Dattijon Masallaci
Juma'a, 10 ga Yuli, 2020

Ɗana, malamar asibiti ta gama magana a kan iska, ni ba ni da abin ƙarawa a nan. Nawa a kan mutane ne, don ina cikin kwamitin masallacin unguwarmu kuma mun sha wannan ruwan kafin ku.

Da aka ba da damar komawa sallar Juma'a gab da ƙaramar sallah, mun naɗe kafet, muka ce kowa ya zo da daddumarsa, liman ya gajarta huɗuba, muka buɗe tagogin da rabonsu da buɗuwa tun hunturu. Makon farko mun sa matasa a ƙofa suna yi wa mutane tsawa a kan takunkumi. Abin ya kusa zama dambe. Bahaushe ba ya son yaro ya ba shi umarni a gaban jama'a. Sai muka sauya dabara, muka bi manyan unguwa gida-gida, mutum biyar ko shida waɗanda in sun yi abu kowa na yi. Da suka shigo sahun gaba da takunkumi a fuska, magana ta ƙare.

Kai ma a wurinka na san akwai irinsu. Kowace ƙungiya tana da mai bakinta, wanda in ya ce a tashi ake tashi. Kira su kafin ka buɗe, ka saya musu shayi, ka gaya musu gaskiya cewa tsohuwa gare ka a gida. Kada ka ce musu gwamnati ce ta ce, da yawansu har gobe "babu korona" suke yi. Ka ce alfarma kake roƙo saboda mahaifiyarka. Ban ga ɗan halak ɗin da za a roƙa da uwa ya ƙi ba.

Masu cewa tsoro rashin tawakkali ne, ka tuna musu Sayyidina Umar. Yana hanyar Sham aka gaya masa annoba ta sauka can, ya juya da jama'arsa. Da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Bana ko aikin Hajji an taƙaita shi ga mazauna Saudiyya, maniyyatanmu suna gida. Balle gidan ƙwallo.

Mai gini kuma kada ka jira ya gaji da gaisuwa. Ɗauki wani babba ku same shi, a yanka maka bashin kashi-kashi, a faɗa a gaban shaida. Wasan da zai kai ka bayan goma na dare ka bar shi, ribarsa ba ta kai kwanan ɗan mutane ɗaya a hannun hukuma ba, kuma kai iyayensa za su zo wa.

Abu na ƙarshe, ka je ka durƙusa ka gaya wa Hajiya duk abin da za ka yi da dalilinsa. In ka janye daga farantinta ba bayani, ba cuta za ta gani ba, gani za ta yi ɗanta ya fara ƙyamarta.

Ɗalibi a Ingila
Asabar, 11 ga Yuli, 2020

Yaya, mu nan da ake buga wasan, filayen wayam suke, ihun da kuke ji a talabijin na'ura ce. Ranar 4 ga wata aka buɗe mashaya da gidajen abinci da shagunan aski, kuma ana rubuta sunan mai shiga da lambarsa, don in wani ya kamu a san waɗanda suka zauna tare da shi. Garin Leicester kuwa, inda su Ndidi da Iheanacho suke, ana shirin buɗewa aka sake kulle su su kaɗai a ƙarshen Yuni saboda cutar ta ƙaru a can. Ka sayi littafi mai layi, yaron ƙofa ya riƙa rubuta waɗanda suka shigo kowane wasa. Ai 'yan unguwa ne, ko laƙabi ya isa. Kuma ka ɗan riƙa ajiye wani abu a gefe, wanda ya buɗe yana iya rufewa.

Mai Benci Sha Takwas
Litinin, 13 ga Yuli, 2020

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Anti ma'aikaciyar jinya, Allah ya kare ku a bakin aikinku. Baba, na bi maganarka tiryan-tiryan. Na buɗe ranar Asabar, ga yadda ta kaya.

Daren Juma'a na yage buhunan. Ƙurar shekara shida, gidan zanzaro biyu, da wata tsohuwar naira ashirin da ban san wanda ya cusa ba. Da iska ta ratsa ɗakin sai na ji kamar ba nawa ba. Benci goma sha biyu na bari a ciki, na shafa fenti a gurbin zama uku-uku. Shida na fitar gefen gini ƙarƙashin tamfol ɗin da na aro wurin masu haya na biki, na juyo da talabijin ɗaya ta taga tana kallonsu, huɗu-huɗu suke zama. Mutum 60 ke nan in an cika. Inji na mayar da shi bayan gini, sai da na ƙara waya. Farashi 100 da 150.

Na tara masu baki huɗu wurin mai shayi kamar yadda Baba ya ce: na United, na Arsenal, na Chelsea da na Madrid. Ina ambaton Hajiya na Chelsea ya ce in bar maganar haka, shi ma kakarsa a ɗakinsu take. Shi ya zama ɗan sandan takunkumi ranar Asabar. Sai dai Sheffield ta zuba musu uku ba ko ɗaya, kafin a tashi ya bar ɗakin, aikin ya dawo kaina. Mutum 41 suka shigo.

Jiya Lahadi 58, kuɗin ƙofa 8,700. In da a da ne wasan Tottenham da Arsenal ya ba ni dubu goma sha biyu, amma bayan wata huɗu ba ko kwabo, da na zuba su a kan tabarma ina ƙirgawa sai da hannuna ya yi rawa.

Kada in yi muku ƙarya cewa komai ya tafi daidai. Har minti na goma sha biyar kowa na gurbinsa, takunkumi a hanci, har ina jin daɗi. Da Lacazette ya ɗaɗa wannan ƙwallon ta shige raga, wallahi fentin da na shafa bai hana komai ba. Benci uku suka haɗe wuri guda, takunkumi ya koma wuya, wani ya ɗaga wani sama, ni kaina sai da na tsinci bakina a buɗe. Minti uku tsakani Son ya farke, ɗaya ɓangaren su ma suka yi nasu. Abin da na iya yi kawai, a hutun rabin lokaci na kashe talabijin na ce kowa waje, na bar fankar tsaye tana aiki a taga. An yi gunaguni amma an fita. Da Tottenham ta ƙara ta biyu kusa da tashi kuwa, 'yan Arsenal da kansu suka ba da tazara, kowa ya ja gefe ya yi tagumi. Mutumina Ɗan Gunners, sannu da haƙuri.

Maganarka ta 'yan leƙe gaskiya ce, sun zo, sun fi ashirin, har da masu ɗauko bulo su taka. Manya biyu da na san suna biya sun tsaya a cikinsu. Na rasa yadda zan yi, sai yaron ƙofa ya kawo shawara muka ja igiya taku biyar daga tagogin, muka ce daga nan baya kyauta ne. Daga can ana ganin motsi amma ba a gane lamba, biyun nan kafin a dawo hutu sun biya sun zauna a rumfa. Littafin sunaye ma mun fara, sai dai rabinsa laƙabi ne, akwai Pogba har uku.

Mai gini ya yarda da kashi huɗu, a gaban limaminmu.

Hajiya ce ta ba ni wahala. Na durƙusa na yi mata bayani, ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ta ga sanƙarau ta ga kwalara ba ta gudu daga 'ya'yanta ba, yanzu ne ɗanta zai gudu daga gare ta saboda mura. Na ce ba gudu ba ne. Ta ce to. Na koma kwana a shagon zaure, maganinta na ƙulla shi a takarda tun safe na rubuta "dare" a jiki. Jiya da na dawo na yi wanka, na tarar ta sa an ajiye mini tuwona a bakin zaure an rufe da faifai, ita kuma ta jawo kujerarta tsakar gida, nesa da ni kamar taku shida, ta kunce takardar tana ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a hasken fitila, wai ta ga ko na cuce ta. Daga nan ta tambaye ni wa ya ci.

Yau United da Southampton ƙarfe takwas daidai, in ba a yi dogon ƙarin lokaci ba za mu tashi kafin goma. Na Laraba, Arsenal da Liverpool, takwas da kwata ne, na riga na rubuta a allo cewa ba za mu nuna ba, kuma tun safe ake zagina. Masu tamfol kuma sun ce ranar Juma'a za su karɓi kayansu, an fara bukukuwa. Wanda ya san inda zan samu na hannu mai sauƙin kuɗi, ko a Kofar Ruwa ne, ya yi mini magana.